Musayar da ba ta da komawa

Ran Juma'a da dare, a tsakar gidanmu na Maourey, ɗan yayana ya shaida wa mahaifinsa yana neman shiga musayar ɗalibai. Yaron ya ƙare lissafi a jami'ar Abdou Moumouni, can ƙetaren gada, yanzu kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam yake so ya nazarta da lissafi. Yayana, wanda ya tsufa yana saida atamfa a Babbar Kasuwa, ya aje kofin shayi ya ce: «Musaya? To, in mun ba da kai, wa za su ba mu?»

Muka yi dariya, amma tambayar ta hana ni barci.

Ilimin nan ba sabo ba ne. Tun 1952 Hodgkin da Huxley na Ingila suka auna wutar da ke bin jijiyar wata dabbar teku, suka maida ta lissafi. Yau ɗalibi yana zuba irin lissafin nan cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya ga yadda ƙwayoyin jijiya ke tashi gaba ɗaya lokacin farfaɗiya. Ba ya bukatar ɗakin gwaji na miliyoyin sefa: na'ura, wutar da ba ta ɗaukewa, da malami. Malamin nan shi ne babban rashinmu, shi ya sa ake tafiya.

Mu da muka yi lise, Paris kaɗai muka sani. A 2023 Faransa ta tsaida ba ɗaliban Nijar biza, sai idon yara ya koma kudu. A Muizenberg, kusa da Kef Tawun, a 2017 aka fara tara ɗalibai sati uku a makarantar Imbizo. Kusa da mu ma, a Damaturu, Dokta Mahmoud Bukar Maina na jami'ar Sussex ya buɗe cibiyar BioRTC a 2021, malamai na zuwa daga waje su koyar. Wannan kam ita ce musaya a ganina, tun da ƙafa na shigowa kamar yadda take fita. Shi kansa Abdou Moumouni ya yi Paris, ya yi Rasha, ya komo ya kama aikin hasken rana a Yamai har rasuwarsa a 1991.

Da safe na tarar da yayana yana lissafin kuɗin mota. Ya ce wa yaron: «Je ka. Amma in ka ga malamin, ka ce masa akwai ɗaki a gidanmu.»