Sol da Ji a wata fada ta Ƙonni

Da dare, a wata fada ta samari a Birnin Ƙonni, jita biyu na yawo hannu zuwa hannu. Tsirkiya ta tsinke, wani ya ce a nemo wayar birkin keke, ai da ita Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko.

Da aka gyara, baƙo daga Illela ta Najeriya ya ce, "Ji." Abokinsa ya kasa kunne yana jira. Ashe harafin G na Ingilishi yake nufi, sautin da 'yan Ƙonni suka koya da sunan sol ta bakin Faransanci. Kiɗa ya tsaya cik, sai da baƙon ya nuna da yatsu.

Tsirkiya kuwa, kalmar da jita ta aro daga gurmi da molo, duk daren babu wanda ya tambayi ma'anarta.