Daga Ɗan Agundi zuwa Rijiyar Zaki a kan ƙaton babur

Titin da ya bi gefen ganuwar Kano daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Kabuga, sannan ya miƙe ta Rijiyar Zaki ya nufi sabon mazaunin Jami'ar Bayero, bai wuce kilomita 15 ba. Na shekara fiye da goma ina bin sa a mota safe da yamma, gilas a rufe, rediyo a kunne. Yau shekara guda ke nan da 'yan watanni ina bin sa a kan babur, kuma ina iya tabbatar wa mai karatu cewa tituna biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai na masu mota, akwai kuma na sauran jama'a.

Babur ɗin da nake magana a kai ba irin wanda ido ya saba gani ba ne. Honda Shadow ne mai inji 750, na gwanjo, wanda aka ɗoro mini a mota daga Legas. Idan tankinsa ya cika, nauyinsa ya kusa kilo 250, wato ya ninka Boxer ɗin da ake acaɓa da shi a ƙauyuka. Silinda biyu gare shi, sun buɗe kamar harafin V, mazauninsa ƙasa-ƙasa, matakan ƙafa kuma can gaba, ta yadda mahayi yake zama kamar dattijon da ya miƙe ƙafa a zaure. Irin waɗannan babura an tsara su ne da dogayen titunan Amurka a zuciya, inda mutum zai yi awa guda bai taɓa birki ba. Kawo shi Kabuga da ƙarfe bakwai da rabi na safe kamar kai ingarman doki ne cikin kasuwar Kurmi.

Da yawa sun ɗauka tsadar mai ce ta sauke ni daga mota. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma babu mai albashin da bai ji a jikinsa ba. Lita guda tana kai ni kusan kilomita 20 a kan babur ɗin, alhali motata ba ta yin rabin haka a cunkoso. To amma da tattali kaɗai nake nema, da roba-roba na saya, wanda ɗan man da zai sha a mako ba ya kai wanda nawa ke sha a kwana biyu. Dalilin ya fi lissafin lita tsufa.

Mahaifina malamin firamare ne. Da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka biya ma'aikata tare da ariyas a 1975, ya sayi Honda Benly, kuma a kan tankinta na fara sanin garin nan. A wancan zamani malami a kan Benly ko Vespa mutum ne da ake miƙewa a gaishe shi. Yara kan yi rige-rigen goge masa babur. Abin ya sauya ne bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da motocin haya suka yi ƙaranci, rashin aiki ya yawaita, acaɓa ta cika gari. Daga nan babur ya zama tambarin wanda bai samu ba. Ni kaina da Jincheng na yi karatun digiri na farko, kuma ranar da na sayi mota na sayar da shi kamar mai yar da tsohuwar riga. Sai kuma Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a unguwar Hausawa, gwamnatin jiha ta hana goyo a babur, Adaidaita Sahu ta gaji aikin acaɓa. Babur ya ƙara da wani tabo, na zargi. Cikin ƙarni guda bai cika ba, abin hawan malamai ya koma abin hawan da ake tsayarwa a bincika.

Saboda haka ban yi mamakin yadda aka karɓi labarin a gida ba. Hajiyata ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, duk karatun da ka yi a kan babur zai ƙare? Ka tuna kana da 'ya'ya." Rabin farko na maganarta na kunya ne, rabi na biyu na tsoro, kuma na biyun ne kaɗai nake ganin yana da hujja. Wani abokin aiki ya ja ni gefe, cikin kyakkyawar niyya, ya tambaya ko akwai abin da ya taso a haɗa hannu. Ɗalibai kuwa sai suka kasu biyu: masu sunkuyar da kai don kada su ga Malam a wannan hali, da masu neman a ɗauke su hoto kusa da babur ɗin.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne yadda girman babur ɗin yake rikita ma'aunin mutane. Mai gadin da zai daka wa mai roba-roba tsawa yakan sara mini ya buɗe ƙofa, don ya ɗauka ko wani jami'in tsaro ne ko ɗan wani. Direban da zai matse mai Boxer zuwa bakin kwalbati yakan ɗan ba ni hanya idan ya ji rurin salansa. Wannan girmamawa ba ta faranta mini rai. Kuɗin ƙarfen ake girmamawa, alhali ƙashin da ke bisa Shadow da wanda ke bisa Boxer iri ɗaya suke karyewa.

Bari mu hau titin. Daga Ɗan Agundi ganuwa tana hannun dama, ko in ce abin da ya rage daga cikinta. Tarihin Kano ya danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki tsakanin 1095 da 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa. A mota ganuwar wani jan tudu ne da ke wucewa ta taga. A kan babur, musamman inda cunkoso ya sa na sauke ƙafa, ina ganin ramukan da ruwan sama ya yanka a jikinta, da gurbin da aka ɗebi ƙasa, da awakin da ke kiwo a samanta, da shagunan da suka jingina da ita kamar an gina ta don su. Ƙofar Na'isa, Gadon Ƙaya, Ƙofar Famfo daura da tsohon mazaunin jami'a, Dukawuya, Kabuga: ta wannan ɓangaren ne dakarun Turawa suka fasa suka shiga birnin a Fabrairun 1903. Abin da igwa ba ta rushe ba a rana guda, sakaci yana rushe shi damina bayan damina.

Hanci ma yana karatu. Kusa da masu sayar da furanni akwai sanyin ƙasar da aka yi wa ban-ruwa da asuba; gaba kaɗan hayaƙin mai ƙosai; sai warin kududdufi. Kududdufan nan daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen birni, kuma su ne ke shanye ruwan sama. Da hunturu, in na zo daura da wanda ya rage, nakan ji iska ta ƙara sanyi a wuyan hannuna, in na wuce ta koma yadda take. Inda aka cike su aka yi gini, ruwan Agusta ba ya da wurin zuwa sai kwalta, kuma mai babur ne farkon wanda ke sanin zurfinsa.

Kano ta zama garin gadoji. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga, ta Dangi, ga kuma aikin da aka tayar a Ɗan Agundi da Tal'udu. Ba na raina su, don sun rage wa mai mota lokaci. Sai dai duk wanda ya tsaya minti goma a Kabuga ya ƙirga abin da ke wucewa zai ga masu taya biyu da taya uku ne suka fi yawa, kuma babu taku ɗaya na titin da aka ware musu. Rabonsu shi ne gefe, inda yashi ke taruwa, inda murfin magudana ya ɓace, inda Adaidaita Sahu ke tsayawa ba sigina da zarar fasinja ya ɗaga yatsa. Yashin nan, wanda mai mota ba ya ma lura da shi, shi ne babban abokin gabar mai babur. Tayar gaba ta hau shi a kwana, hannu ya matsa birki, magana ta ƙare. Share gefen titi da rufe magudana ba aiki ne da ake yanka kirtani a buɗe shi ba, shi ya sa ba ya samun mai shi.

Babban babur yana da nasa hali a irin wannan wuri. Idan yana gudu, nauyinsa rahama ne: iskar tirela ba ta kaɗa shi, ƙananan ramuka ba sa firgita shi. Idan tafiya ta koma ta hawainiya, nauyin nan ya dawo kan mahayi. Ba ya kurɗawa tsakanin motoci kamar yadda samari ke yi, ba ya juyawa a ƙaramin fili, kuma ba ya da giyar baya, don haka kafin ka ajiye shi sai ka duba gangaren wurin, in ba haka ba sai ka nemi masu turi. Hannun hagu yana gajiya da riƙe kuloci. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, injin da ke tsakanin gwiwoyinka murhu ne.

Sai jikin mahayin. Mai shekara arba'in da wani abu ba yaron Jincheng ba ne, ko da zuciyarsa ta gaya masa haka. Ido ba ya saurin sabawa da duhu bayan fitilar mota ta haske shi, ƙafa ba ta saurin kai ƙasa, karaya ba ta saurin ɗoruwa. Wanda ya bar babur shekara 20 ya dawo yana cikin haɗari na musamman, domin hannunsa yana tuna abin da ya iya, ya manta cewa titin da babur ɗin da shi kansa duk sun sauya. Kafin in shiga gari sai da na yi makonni ina zagaye a wani fili da sassafe, ina koyon juyawa a hankali da tsayawar gaggawa da birkin gaba, wanda shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da babur, duk da yawancinmu an koya mana mu ji tsoronsa. Ribar shekaru ita ce haƙuri. Yanzu nakan karanta tayar gaban mota kafin in karanta fuskar direba, kuma ba na jayayya da tifa.

Hular kwano ba na fita sai da ita, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, ko da kuwa zan shiga aji da gumi. Masu shekaruna za su tuna Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular, 'yan acaɓa suka fito da ƙwarya da bokitin fenti a ka, duniya ta yi ta dariya. Mun yi dariyar, dokar ta kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa sanya hular yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kashi 69. A kan titin nan nakan yi tafiyar duka ban ga mutum biyar da ita ba. Wasu na cewa ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma haka ne. Amma masu faɗin haka ba sa barin ƙofar gidansu a buɗe da dare. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce hula mai kyau tana da tsada, tana da zafi, kuma ba ta zama a kan zanna-bukar.

Gyara wani babi ne. Bakaniken babura na unguwa ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai mota ce aka cire wa taya biyu." Sai da na samu wani dattijo da ya taɓa gyaran baburan rakiya, wanda ke sauraron inji kamar likita. Fulogi da baƙin mai ana samu. Taya da takalmin birki kuwa sai an aika Legas, wani lokaci a jira mako biyu, mota ta fito daga rumfa.

Bayan Kabuga titin Gwarzo yana ɗan buɗewa, kuma daga Rijiyar Zaki zuwa gaba ne babur ɗin ke samun abin da aka ƙera shi dominsa, na 'yan mintuna kaɗan: giya ta biyar, rurin ya kwanta ya zama gunji, kafaɗa ta saki. Akwai wata sa'a da wannan hanya ta ba ni. Da safe yamma nake nufa, da yamma kuma gabas, saboda haka rana kullum tana bayana. Sai daga baya na gane ɗaya fuskar sa'ar: duk direban da ke fuskantata, yana shirin yanko kwana ta gabana, rana tana cikin idonsa, kuma ba ya ganina. Tun daga nan fitilata ba ta mutuwa ko da tsakar rana.

A wurin tsayawa ake hira, abin da ban taɓa samu ba a mota. Mai babur ba ya da gilashin da zai ɗaga. An tambaye ni kuɗinsa, an tambaye ni ko yana zuwa Abuja, an yi mini addu'a, an kuma ba ni labarin ramin da ke gaba. Makon jiya a Rijiyar Zaki wani magidanci ya tsaya kusa da ni a kan roba-roba, yara uku cikin kayan makaranta, ɗaya a gaba riƙe da madubi, biyu a baya, ƙaramar ta yi barci ta jingina kai a bayansa. Ya dubi tankin, ya dubi hulata, ya ce, "Alhaji, wannan hular nawa take?" Na gaya masa. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Akwai ta yara?" Kafin in amsa, motar bayanmu ta danna oda, ya ja totur ya koma gefen titi.