Daga Fanisau Zuwa Ɗambatta: Kukoki, Kufai Da Littattafan Aljanu

 Duk wanda ya fita birnin Kano ta arewa, ko ya bi ta Fanisau ya nufi Minjibir, ko kuwa ya bi ta Dawanau ya karkata zuwa Ɗambatta, abin da zai fara lura da shi shi ne ƙasar nan ba ta da daji. Gona tana jingine da gona, iyakarsu layin gamba ne ko na lalle. Gero da dawa da wake da gyaɗa ana shuka su shekara da shekaru a wuri ɗaya, ba a san saura ba, sai dai taki da ake kai wa ƙasa da rani. Da wuya mutum ya yi tafiyar rabin mil bai ji carar zakara ko ƙarar turmi ba. Wannan ita ce karkarar da Bature Michael Mortimore ya yi ta aunawa tun shekarun 1960, yana mamakin yadda ƙasa mai yashi take ɗaukar jama'a masu yawa haka.

To, mu da muka tashi muna jin cewa mazaunin aljanu shi ne daji da kufai da wuraren da ba kowa, sai muka tambayi kanmu: inda babu daji fa, ina labarinsu ya koma? Amsar tana tsaye a tsakiyar gonaki. Manomin ƙasar nan yana barin gawo saboda yana gyara ƙasa, yana barin ɗorawa saboda kalwa, amma akwai tsohuwar kuka ko tsamiya wadda ba don amfaninta kaɗai aka bar ta ba. Za ka ga an nome ko'ina an kewaye ta, an bar mata 'yar ciyawa a gindi, yara ba sa hawanta da tsakar rana, mata masu ciki ba sa giftawa ta wurin da almuru. Dajin da aka sare ya taƙaita ya koma itace guda, tsoron da ke cikinsa kuma ya taru a gindinsa.

Wannan abu yana da asali. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe da ke kan dutsen Dala, da Tsumburbura wadda ake yi wa yanka a gindin wata itaciya da aka kewaye da katanga. Ya ambaci manyan mutanen wancan zamani da duwatsun da suke zaune, cikinsu har da Gambarjado na Fanisau. Mun tsaya a Fanisau ɗin muka dubi duwatsunta. A nan ne Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya kan yi sansani a lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, a nan kuma Clapperton ya same shi a 1824. Watau dutse ɗaya ya ga zamanin tsafi, ya kuma ga tutar jihadi. Haka kuma kurmin Jakara da littafin ya ce mutanen farko suna jin tsoron baƙin ruwansa: yau ruwan nan yana gangarowa ya taru a madatsar da aka yi a Wasai ta ƙasar Minjibir a shekarun 1970, masu lambu suna ban ruwan latas da kabeji a gefen hanyarsa, ba mai tuna wani kurmi.

A wani ƙauye da muka sauka, malamin da ya karɓe mu, Allah ya saka masa da alheri, ya buɗe mana gafakarsa da daddare. Cikin abin da ya fito da shi akwai Akamul Marjan na Alƙali Badaruddin Shibli, wanda ya rasu a shekara ta 769 ta Hijira, da Laƙɗul Marjan wanda Imam Suyuɗi ya taƙaito daga gare shi. Suyuɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tun da ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rasu a 911. Waɗannan littattafai ba na ban tsoro ba ne, na malaman fiƙihu ne. Shibli ya jera babi bayan babi a kan halittar aljanu, da abincinsu, da ko ana yi musu hisabi, da ko sallah tana inganta a bayansu. Abin da ya sa shi rubutun ma tambaya ce a kan aure tsakanin mutum da aljan. A ciki ya kawo cewa an tambayi Imam Malik wannan mas'ala, ya nuna ƙinsa, domin kada mace ta zo da ciki a tambaye ta, ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. Dubi hangen Malik! Bai tsaya jayayya a kan ko abin yana yiwuwa ba, ya duba ƙofar da za a buɗe wa maƙaryata.

Akwai wani jinsin littattafai kuma, irin su Shamsul Ma'arif da ake danganta wa Albuni, da Durrul Manzum na Muhammadu Alkatsinawi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Waɗannan na hatimai ne da ɗalasimai da taurari, kuma ba ma ganin alheri ga ɗalibi ya fara da su. Sa'an nan ga na hira, kamar Dare Dubu Da Ɗaya, da Gandoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda duka biyun suka fito a 1934. Ba laifi a karanta su don nishaɗi, illa dai aljanin da yawancin mutane suka sani daga can ya fito, ba daga tafsiri ba. Turawa ma sun rubuta nasu: Tremearne ya yi littafi a kan bori a 1914, Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da nasa a 1946, suka tattara sunayen iskokin Jangare irin su Ɗan Galadima da Inna da Sarkin Rafi. Tun daga shekarun 1990 kuwa kasuwa ta cika da ƙananan littattafan ruƙya, wasu nagari, wasu kuwa bori ne da rawani.

Washegari aka kai mu wani kufai, tafiyar 'yan mintoci daga ƙauyen. Ba abin da ya rage sai tudun ganuwa da ta narke, da tsohuwar rijiya da ta rufta, da kukoki bakwai ko takwas a cure wuri ɗaya, alamar dā gari ne. Aka ce da mu da dare ana ganin fatalwa a nan, doguwa fara, wai wani ne da aka kashe bai sami kwanciya ba. Anan ne ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu da bakin jama'a ya gwama. Samuwar aljanu tabbatacciya ce da nassin Alƙur'ani, har da sura sukutum da sunansu, wanda ya musa ta ya musa abin da aka saukar. Amma cewa mamaci yana tasowa ya yi yawo a kufai, wannan babu shi. Suratul Muminun ta nuna cewa wanda ya mutu ya roƙi komawa ba a ba shi, akwai shamaki a bayansa har ranar tashi. Larabawan jahiliyya sun ɗauka wata tsuntsuwa tana fita daga kan wanda aka kashe tana kuka a kabarinsa sai an ɗaukar masa fansa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan zato a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Ibnul Ƙayyim a Kitabur Ruh ya yi dogon bayani a kan haɗuwar rayukan matattu da na masu rai, amma a mafarki. Jahiz kuma tun ƙarni na uku na Hijira ya kawo a Kitabul Hayawan cewa kaɗaici da duhu da tsoro su kan sa matafiyi ya ji murya, ya ga siffa inda babu kowa.

Kufan karkarar Kano tarihi ne, ba fatalwa ba. Wani yaƙi ne ya tashe shi, domin a arewacin Kano ɗin nan aka gwabza yaƙin Ɗanyaya a 1807, aka kuma yi shekaru ana kai hari tsakanin Kano da Ɗan Tunku. Wani yunwar 1914 ce, wani rijiya ce ta ƙafe, wani kuwa mutanensa ne suka koma bakin titi. Waɗanda ke kwance a wurin Musulmi ne masu bukatar addu'a, ba abin gudu ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda muka gani a gindin ɗaya daga kukokin: gashin baƙar kaza, da ƙoƙo da alamar nono. Wannan shi ne ainihin abin da Shehu Usmanu ya yi kuka da shi a Nurul Albab, masu kiran kansu Musulmi suna girmama itatuwa da duwatsu da yanka. Suratul Jinni ma ta ba da labarin mutanen da suke neman tsari da aljanu, ba su ƙaru da komai ba sai wahala. A nan ba sassauci.

Amma fa akwai wani gefe da masu wa'azi ba su cika dubawa ba. Tsoron nan, duk da ɓatancinsa, shi ne ya tsare kukoki da tsamiyoyi da tsofaffin maƙabartu a ƙasar da kowane taku na ƙasa yake da mai shi. Yanzu da tsoron ya ragu, an ga saurayi ya ɗauki gatari ya sare tsamiya mai shekaru aru-aru wai yana yaƙi da shirka, alhali mai gidan burodi ne ke jiran itacen. An ga garma ta ci gefen maƙabarta kunya bayan kunya. Gaskiya ne an ruwaito Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da mutane suka fara zuwa sallah a gindinta, haka kuma aka yi a Kano zamanin Muhammadu Rumfa da Shehu Magili. To, amma waɗannan shugabanni ne suka yi hukunci a kan itaciya guda da aka tabbatar da fitinarta, ba kowa da gatarinsa ba. Shari'a tana da nata shinge wanda ya fi na aljanu ƙarfi. Muhtasar Halil ya ɗauki kabari a matsayin hubusi, ba a taka shi, ba a tone shi muddin mai shi yana ciki. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sare magaryar da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta ba bisa haƙƙi ba.

Da muka isa Ɗambatta muka yi wannan magana da wasu limaman karkara. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mana abin da suka yi da wata tsamiya da ake kai wa kaji a garinsu. Ba su sare ta ba. Sun share gindinta, suka zuba yashi, suka mai da makarantar allo wurin, har ana kunna wutar karatun dare a nan. Ya ce watanni biyu na farko iyaye uku sun hana 'ya'yansu zuwa, daga baya biyu suka dawo da nasu.