Daga Herat zuwa Kabul da Ƙafa

A watan Janairun 2002, makonni kaɗan bayan faɗuwar gwamnatin Taliban, wani matashi ɗan Birtaniya mai suna Rory Stewart ya fita daga birnin Herat da sanda a hannu, ya nufi Kabul da ƙafa. Bai bi hanyar Kandahar da motoci ke bi ba. Ya ratsa tsakiyar Afganistan ne, ta duwatsun Ghor da ƙasar 'yan ƙabilar Hazara, hunturu na tsakiya, ƙanƙara ta toshe hanyoyi. Nan ne Babur, wanda ya kafa daular Mughal a Indiya, ya kusa halaka da rundunarsa kimanin shekaru ɗari biyar da suka wuce. Labarin wannan tafiya ta kwana 36 shi ne littafin The Places in Between da ya fito a 2004.

Da ma a rediyo muke jin "yaƙin Afganistan", kamar abu ɗaya ne. Mai tafiyar ƙafa ya tarar kowane ƙauye da nasa yaƙin. Nan jiragen Rasha ne suka yi ruwan bama-bamai bayan mamayar 1979. Can 'yan Taliban ne suka ƙone gidaje, kamar a Yakawlang inda suka karkashe Hazara a farkon 2001. Gaba kaɗan kuma, maƙwabta ne da gabar jini a tsakaninsu, har mai rakiya kan tsaya a bakin iyaka ya ce shi nan ya tsaya.

Duk da haka kusan kowane dare sai an ba shi masauki, ko a masallaci ko a ɗakin baƙi, kamar yadda matafiyi ke samun tabarma a zauren mai gari. Abincin dai gurasa ce da shayi, wani lokaci busasshiya, daga hannun mutanen da su ma ba su ƙoshi ba. Yakan karɓi takarda daga wani mai faɗa-a-ji ya kai wa na gaba, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffin kwamandoji ne da hannunsu bai rasa jini ba. Stewart bai wanke su ba, bai kuma raina gurasarsu ba. Wannan adalcin nasa ne ya sa na yarda da shi.

Inda zuciyata ta fi sosuwa shi ne Jam. A wani kwari mai wuyar shiga, a gaɓar kogin Hari Rud, akwai hasumiya mai tsawon mita 65 da sarakunan Ghor suka gina a ƙarni na 12, an zagaye jikinta da Suratu Maryam. Stewart ya iske mutanen yankin sun farfashe gangaren dutsen da ramuka, suna tono kayan tarihi suna sayar wa dillalai a kan kuɗi ƙalilan. Wa zai ga laifin mai yunwa? Amma abin da aka haƙe ya tafi ke nan.

Littafin yana da giɓi babba: mata. Baƙo namiji iyakarsa ɗakin baƙi, don haka zawarawa da iyayen da suka binne 'ya'yansu kusan ba a jin muryarsu. Ƙaton karen da aka ba Stewart a hanya, mai yankakkun kunnuwa, wanda ya raɗa wa suna Babur, ya fi su samun shafuka, kuma hakan ya dame ni.

Da Stewart ya isa Kabul, ya soki jami'an ƙasashen waje da ke rubuta tsare-tsaren gina ƙasa ba tare da sun taɓa kwana a ƙauye ba. A 2003 shi kansa ya karɓi muƙamin mataimakin gwamna a lardin Maysan na Iraƙi, ƙarƙashin mulkin mamaya. Taliban kuwa ta koma Kabul a watan Agustan 2021.