Dawa a Kwalbar Bature, Dawa a Ƙwaryarmu

A shekarar 2006 kamfanin Anheuser-Busch na Amurka ya fitar da wata giya mai suna Redbridge, wadda aka yi da dawa maimakon sha'ir. An yi ta ne saboda mutanen da cikinsu ba ya karɓar gulutin, wato sinadarin nan mai yauƙi da ke cikin alkama da sha'ir, wanda ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ƙananan masana'antu da dama a Amurka da Turai sun bi wannan hanya, suna dafa giya da dawa ko gero, suna sayar da ita da tsada a matsayin sabon abu. Giya haramun ce a wurina da jama'ata, kuma Jihar Sakkwato tana aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Amma labarin ya shafe mu, domin hatsin da suke yabo shi ne wanda ke tsaye a gonakinmu daga Boɗinga, a bi ta Yabo, har Shagari.

Cutar da ta jawo wannan kasuwa ana kiran ta siliyak. Idan mai ita ya ci gulutin, garkuwar jikinsa sai ta juya ta yaƙi bangon ƙaramin hanjinsa, ta shafe ƙananan tsirgogin da ke tsotse amfanin abinci. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini da rama, yaro kuma ya daina girma. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙar cutar da alkama, bayan ya lura cewa yaran da ke fama da ita sun sami sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, sa'ad da burodi ya yi wuya. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na ɗauke da ita. Kada a ɗauka cutar Turawa ce kaɗai: a cikin yaran Sahrawi na Yammacin Sahara an sami fiye da 5 cikin 100.

Na shiga wannan magana ne ta dalilin ɗiyar ƙanwata da ke zaune a Shagari. Yarinyar ta daɗe tana ramewa, ana cewa shawara ce, ana cewa tsutsar ciki ce, har likita ya gano ainihin abin. Maganin guda ɗaya ne: barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa. Sai muka ga yadda alkama ta mamaye gidajenmu ba mu ankara ba. Burodin mai shayi, taliya, fanke, cincin, alkaki, biskit ɗin makaranta, duk sun fita daga kwanonta. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne lemun malt na kwalba, wanda ake raba wa baƙi a biki da suna. Babu barasa a cikinsa, amma galibinsa akwai tsiron sha'ir.

A nan tarihi ya ba ni mamaki. A shekarar 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da sha'ir daga waje, bayan ta hana shigo da alkama a 1987. Dole kamfanonin giya da na lemun malt suka koma ga dawa da masara. Irin kaura mai lamba SK5912, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta, yana cikin waɗanda aka yi amfani da su. Ke nan Najeriya ta riga Redbridge da shekara 18 wajen sarrafa dawa a manyan injuna, kodayake ƙarancin kuɗin waje ne ya tilasta mata. Da aka ɗage haramcin, sha'ir ya dawo, aka ci gaba da gauraya shi da dawa. Kafin duk wannan ma, masu burkutu da fito sun daɗe suna jiƙa dawa su tsirar da ita.

Sirrin yana cikin tsiro. Idan aka jiƙa ƙwayar dawa ko gero, aka lulluɓe ta kwana 3 zuwa 4 har ta fito da saiwa, tana samar da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. Wannan hikimar ce ke cikin kunun zaƙin iyayenmu, waɗanda ke zuba niƙaƙƙen tsiro ko ɗankali a kan gasara mai ɗumi, kunu ya yi zaƙi ya tsinke ba tare da sukarin kanti ba. Mai giya yana barin wannan ruwa mai zaƙi kwanaki, yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Mai kunu kuwa tana sayarwa a sha a yinin. Iyaka tsakanin halal da haram a nan ita ce barasar, kuma lokaci ne ke kawo ta.

Da taimakon wata gwaggona a Boɗinga na gwada yin abin da zai maye wa yarinyar gurbin kwalbar biki. Muka tsirar da jar kaura, muka shanya, muka ɗan soya ta a kasko har ta yi ƙamshi ta yi duhu, muka niƙa, muka jiƙa a ruwan ɗumi, muka tace, muka tafasa da citta da kanumfari. Bai yi kumfa irin na kwalba ba, kuma yana da ɗan bauri a bayan harshe. Amma ya yi launin malt da ƙamshinsa, yarinyar ta sha ta nemi ƙari. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ɗana, wannan ai kunu ne ka sa wa babbar riga."

Ga wanda ke da irin wannan mara lafiya, akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, kada a daina cin alkama kafin a yi gwajin jini, domin barin ta na iya ɓoye cutar. Na biyu, injin niƙa na unguwa yana niƙa alkama ya niƙa gero a jere, alhali ƙa'idar duniya ba ta yarda gulutin ya wuce kashi 20 cikin miliyan ba a abincin irin waɗannan mutane, don haka turmi da dutsen niƙa na gida sun fi aminci. Na uku, a tambayi mai kunu, domin wasu kan haɗa da alkama.

Ban ce mai lafiya ya guji burodi ba. Gulutin ba ya cutar da yawancin mutane. Abin da ke damuna shi ne manomin Shagari yana sayar da dawarsa da arha a kaka, ya sayi taliya da tsada a bazara, yayin da wasu ke ƙirga wannan dawar cikin abinci na musamman. Tuwon dawa, kunu, da furar da mu Sakkwatawa ke kira hura, duk babu gulutin a cikinsu tun asali. Abin da ya rage shi ne mai sana'ar da zai zuba tsiron dawa a kwalba mai tsabta, ba barasa, ba sha'ir, ya rubuta gaskiyar abin da ke ciki, don yaro mai wannan lalura ya riƙe kwalbarsa a wurin biki kamar kowa.