Shuhura Daban, Daraja Daban

A 1984, a Amurka, Doug Flutie ya jefa ƙwallon da ya ba Kwalejin Boston nasara kan Miami ana daf da tashi. Masu neman gurbin karatu a kwalejin suka ƙaru. Fili ya sayo mata shuhura a dare ɗaya.

A N'Djamena kuwa, kulob irin Gazelle da Renaissance ake yi wa sowa a filin Idriss Mahamat Ouya. Jami'ar birnin, wadda aka kafa a 1971, ba ta da wannan gajeriyar hanya. Likitoci da malaman da ta yaye su ne shaidarta. Shuhura a san ka ce, daraja a amince da kai. Uban da zai biya kuɗin karatu ta biyun yake nema.