Launi na bakwai

Ina kan gadar Kennedy, zan ƙetara zuwa jami'a, aka kira ni daga Damagaram aka ce Baba Injiniya ya rasu da asuba. Na ce innalillahi, na mai da waya aljihu, na ci gaba da tafiya. Har na shiga aji na zauna, malami yana ta bayani a kan tsarin sauti, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne, kuma ina jin kunyar faɗinsa: ban ɗauki muryarsa ba.

Ba injiniya ba ne na takarda. Lakwal ɗin fari kawai ya yi, daga nan ya kama gyaran rediyo, tun zamanin da mutane ke kasa kunne a gajeren zango don jin labarun duniya. Rumfarsa tana kusa da kasuwar Dole, teburi ɗaya, benci biyu, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kayan da ya ciro daga matattun rediyoyi. Mu wajen goma ne muka mai da wurin fadarmu. Wasu ƴan lise, wani mai gyaran moto, wani tela. Ba wanda ya zo koyon sana'a. Son abin ne kawai. Sauran fadodi suna shayi da karta, mu muna shayi da ƙona yatsu da dalma.

Ranar da na fara zuwa ina da shekara goma sha biyar, da fitilar caji ta Inna da na buɗe na kasa rufewa. Ya duba, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka taɓa randa ba ka zubar da ruwan ba?" Ban gane ba. Ashe randa ita ce kondansater. Tana tara wuta ta riƙe, ko an zare waya daga bango tana iya cike, in ka sa yatsa ta watsa maka. Sai ya nuna mini yadda ake sauke ta a hankali kafin a sa hannu. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, in ji shi, ba ta san yaro ba, ba ta san babba ba.

Haka yake da kowane abu. Diyod ƙofar kurkuku ce, ana shiga ba a fitowa ta nan. Rezistans mashigi ne, irin ƙunƙuntar hanyar da ake tura tumaki su bi ɗaya-ɗaya. Fiz kuwa ɗan sadaukarwa, shi ke mutuwa don gida ya tsira. Taranzisto mai gadi ne: ɗan ƙaramin umurni a ƙafa ɗaya, ya buɗe wa babbar wuta hanya. A lise an koya mana waɗannan da Faransanci, na haddace na ci jarrabawa, amma gaskiya a rumfar nan na gane su.

Abin da ya fi burge ni shi ne zoben launi na jikin rezistans. Kowane launi lamba ne, daga sifiri zuwa tara, kuma shi ya jera su da Hausa: baƙi sifiri, ƙasa-ƙasa ɗaya, ja biyu, ruwan goro uku, ɗorawa huɗu, tsanwa biyar, shuɗi shidda, toka takwas, fari tara. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku yawan sifirin da za ka ƙara. Ƙasa-ƙasa, baƙi, ja: ɗaya, sifiri, sai sifiri biyu, om dubu ke nan. Yakan watsa mana su a tafin hannu ya ce mu karanta kafin shayi na biyu ya nuna. Wanda ya kuskure shi ke wanke kofuna.

Da na shiga sashen ilimin harshe a Yamai, muka zo kan kalmomin aro da ƙirƙirar kalmomin fasaha, sai na ga ai ina da ma'adini a gida. Ana ta muhawara a aji ko harsunanmu za su iya ɗaukar kimiyya, ni kuwa na san mutumin da ya yi shekaru yana yi, ba kwamiti, ba taron bita. Na yanke cewa a kansa zan yi bincikena. Da hutu na gaya masa. Ya yi shiru yana goge bakin ƙarfen dalma, can ya ce, "To, ɗan lakwal, ka zo da abin ɗaukar maganar. Amma ka zo da asuba, kafin kasuwa ta cika."

Ban je ba. Hutun farko na ce sai na shirya tambayoyi. Na biyu na ce wayata ba ta ɗaukar murya da kyau. Na je rumfar sau da yawa, na sha shayi, na ji yana tari, na ce sanyi ne. A raina rumfar kamar dutsen Birni take, duk lokacin da na koma zan tarar da ita.

Tsakanin Yamai da Damagaram kilomita wajen ɗari tara ne, yini guda cur a mota. Ban samu jana'iza ba, sai sadakar uku. A hanya, tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, na tsare kaina da tambaya: mutumin nake kuka, ko kalmomin? Abin ya dame ni. Mutumin da ya taɓa ba ni jaka biyu kuɗin mota ba tare da na roƙa ba, ya mutu, ni ina lissafin abin da bincikena ya rasa. Har yanzu ban wanke kaina daga wannan ba. Iyakar abin da zan ce, duk lokacin da na so tuna fuskarsa, muryarsa ke fara zuwa, tana cewa randa.

Bayan addu'a muka koma rumfar, mu ƴan fada. Babban ɗansa ya buɗe mana, ya ce mu ɗauki abin da muke so, shi ba ya harkar. Ba wanda ya iya miƙa hannu. Sai na fito da littafi na ce kowa ya faɗi kalmar da ya tuna. Muka yi ta yi har la'asar. Tela ya tuna cewa in dalma ta kama da kyau tana sheƙi, Baba yakan ce ta yi wanka. In ta yi dishi-dishi, ya ce ta kwana da kwalli, a sake. Mai gyaran moto ya tuna doguwar ƙafar ƙaramin ƙwan fitila ita ce wa, gajerar ƙane, kuma wa ne ke fuskantar jan waya. Mun samu kalma arba'in da ɗaya. Mun yi dariya sosai, har wani maƙwabci ya leƙo yana mamakin masu zaman makoki.

Da muka zo jerin launuka sai muka tsaya a bakwai. Biyole, da Faransanci. Kowa ya san Baba yana da sunansa na Hausa, kowa ya sha wanke kofuna a kansa, amma ya ɓace mana duka. Wani ya ce shunayya, wani ya ce a'a, sunan wani fure ne, tela ya rantse sunan wani zane ne na mata. Muka kira wani tsohon ɗan fada da ke Agadas, ya ce bari ya yi tunani zai kira.

Na dawo Yamai da littafin da gwangwanin madara ɗaya da ɗansa ya tilasta mini. A shafin launuka akwai gurbi tsakanin shuɗi da toka. Na Agadas bai kira ba tukuna.